Ranar da Na Kashe Mota a Ƙofar Gidan Surukina

Ku 'ya'yana, kun tashi kun same ni da baƙin mai a farce, ina gyaran wayar mota a wata rumfa kusa da tashar Birnin Kudu. Kun kuma tashi kun ga mahaifiyarku ba ta kwana a gidan wanta, Kawunku Idi. In biki ko rasuwa ta kai ta ƙauyensu na bayan Gwaram, sai ta gaishe shi a tsaye daga bakin zaure, ta juyo a ranar. Ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya faɗa muku dalili, amma na san kun tsinci abin da kuka tsinta a bakin mata, wai shi ne sanadin mutuwar kakanku. Yanzu da Allah ya karɓi ran mahaifiyarku, ni ma gwiwa ta fara ƙin ɗaukata, zan rubuta muku yadda abin ya faru, domin makullin motar a hannuna yake a ranar.

A Surko aka haife ni, amma ban san uwa ba, uba kuma sai dai labari. Wata gwaggo ce ta riƙe ni, tana rasuwa na bi motar gyaɗa zuwa Kano, can na koyi tuƙi. Shekarun da kuɗin mai ya fito, kowa yana son ya sauke jinka ya ɗora kwano, sai wani Alhaji ya ba ni tsohuwar babbar motarsa ina kai siminti garuruwan gabas. A wannan zirga-zirgar na ga mahaifiyarku Hajara a kasuwar Gwaram, ta rako matan gidansu sayar da man shanu. Mahaifinta Malam Buba yana da 'yan shanu da gonar gero, Bafillace ne amma Hausa ake yi a gidan. Da na aika neman aurenta, Idi ne ya fara tashi tsaye, kuma bai ɓoye ba, ina zaune a zauren ya faɗa.

"Baba, mutumin da ba a san gidansu ba, kuma direba? Yau yana Kano, gobe yana Maiduguri."

"Na ga yadda yake alwala," in ji tsohon. "Ba ya gaggawa. Wannan ya ishe ni."

A gidan nan na fara sanin abin da ake nufi da a ajiye wa mutum tuwo. Duk ranar da hanya ta biyo da ni, zan tarar da kwano a rufe da faifai, ko da ba su san zan zo ba. Malam Buba bai taɓa wuce Birnin Kudu ba a rayuwarsa, saboda haka in na zauna sai ya yi ta tambayata. Wace irin ciyawa ke fitowa a wajen Potiskum, shanun can farare ne ko jajaye, da gaske ne akwai gadar da mota biyu ke wucewa a kai lokaci ɗaya. Ina ba shi amsa yana gyaɗa kai, mata suna daka a ciki suna jefo tasu tambayar ta saman zana. Surukai akan ji kunyarsu a kauce musu, shi kuwa sai ya jawo ni kan buzunsa. Ban taɓa kiran wani mutum Baba da dukan bakina ba sai shi. Idi kaɗai ne bai sake da ni ba. Ya taɓa zagaya motar ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya ce wa abokansa wannan akwalar ce za ta riƙe masa ƙanwa, suka yi dariya, na yi kamar ban ji ba.

Motar kuwa tana da ciwonta, kuma na san shi kamar yunwar cikina. Da safe in ta kwana ta huce, taɓa makulli ɗaya take tashi. Amma in ta yi tafiya inji ya ɗauki zafi, na kuskura na kashe ta, to in na murɗa ba abin da zan ji sai ƙas, ƙas, daga ƙarƙashi. Kik ɗin, wato ƙaramin injin da ke juya babban ya tashe shi, ba ya ko motsi. Sai ta sha iska awa biyu ko uku sannan ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ina kai ta wurin kanikawan Alhaji a Kano. Kowane karo sai ta kwana a gareji, da safe su murɗa ta tashi, su juyo suna kallona. Sun canja batir, ba abin da ya canja. A karo na uku Alhaji ya ce, Sule, in aikin ne ya gundure ka, ka faɗa, akwai masu jira. Daga nan na ja bakina na yi shiru, na koma dabara. Ba na tsayawa sai a kan gangara, inda zan sake ta ta gangara in sa giya ta kama. Inda babu gangara sai in bar ta tana ruri, in yi sallah a gefenta, in ci abinci ina kallonta. Direbobi a tasha sun sani, har suna tsokanata. A gidan surukaina ne kawai ba wanda ya sani, domin kullum da yamma nake isa, in kwana, da safe ta tashi lafiya a gaban kowa.

Ranar da nake son in ba ku labari tsakiyar bazara ce, irin zafin da kwalta ke laushi. Na taso daga Kano da lodin siminti cikakke. A Birnin Kudu, inda muke hayar ɗaki, wani maƙwabcinmu ya tare ni a bakin titi ya ce Hajara ta tafi gida tun jiya, jikin mahaifinta ya tsananta, ta ce in na biyo in same ta. Ban sauka ba, na wuce. Bayan Gwaram na bar kwalta na shiga burji, daga burji na shiga yashi, na isa ƙofar gidan an idar da azahar ke nan. Ƙofar gidan kwari ce, yashi har idon sawu. Na tsaya na bar inji yana aiki. Hajara ta fito da gudu, tana da tsohon cikin babbanku a lokacin.

"Numfashi ne, Malam," ta ce. "Tun asuba yake ja da ƙyar. Ka kai mana shi babban asibiti."

Na ce a fito da shi yanzu-yanzu. Sai ga Idi ya leƙo daga zaure, bayansa dattawan unguwa da suka zo dubiya.

"Kashe motar nan," ya ce. "Hayaƙinta yana shiga har ɗakin Baba, ga mutum yana neman iska. Sai an sa masa riga an ɗauko shi tukuna."

Ku ji da kyau, domin nan ne maganar take. Gaskiya ya faɗa. Iska tana kaɗa baƙin hayaƙin kai tsaye cikin gidan, ni ma na gani. Kuma ina da mafita har biyu. Zan iya cewa, Yaya, in na kashe ta ba za ta tashi ba. Zan iya ja da ita can gindin kuka in bar ta tana aiki, a ɗauko tsohon a kawo shi. Ko wanne na yi, da sai an tambaye ni dalili, da sai na faɗa a gaban dattawan nan cewa motar da nake taƙama da ita akwala ce kamar yadda ya faɗa. Na dubi fuskarsa, na dubi mutanen, na ce a raina ai 'yan mintoci ne, wataƙila yau ta rufa min asiri. Na kai hannu na kashe.

Aka fito da shi a kan tabarma, mutum huɗu suna riƙe da gefe-gefe. Muka ɗora shi a gaban mota, Hajara ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, Sule, ka iso. Na ce na iso, Baba, yanzu za mu tafi. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas. Idi ya taka matakalar mota ya leƙo ta taga.

"Me ya faru?"

"Ban sani ba," na ce. "Ba ta taɓa yi min haka ba."

Wannan ƙaryar ita ce abin da na ɗauka a ka fiye da shekara arba'in. Sauran abin da ya biyo baya kun ji shi, kuma yadda aka faɗa muku haka yake. Mazan unguwa sun tura, taya ta nutse a yashi. Muka hau sauke siminti buhu-buhu, muka sake turawa, ko gezau. Na shiga ƙarƙashi ina dukan kik da dutse, hannuna ya taɓa salansa, wato bututun hayaƙi, fata ta saluɓe, tabon da kuka sani ke nan. Aka tura mai keke Gwaram neman wata motar, ba ranar kasuwa ba ce, ya dawo hannu biyu. Zafi ya yi yawa a cikin motar, dole aka sauko da tsohon inuwa. Ina kwance a yashi ina jin numfashinsa, sai na ji ya ce da wata 'yar murya, ku bar Sule ya huta, ƙarfe ne, ba ya jin magana. Sai da aka yi la'asar inuwa ta miƙe, na hau na murɗa ba tare da na gyara komai ba, ta tashi. Mun ci kamar rabin hanyar Birnin Kudu ina gudun da ban taɓa yi da motar ba, sai Hajara ta dafa min hannu.

"Rage gudu, Malam. Babu sauran sauri."

Ban sani ba ko da mun isa da wuri zai tashi. Ajali ba ya jiran mota, malamai sun faɗa mana haka a zaman makoki, kuma na yarda. Amma ranar sadakar uku, ina zaune a bayan zana, na ji muryar mahaifiyarku a tsakar gida, cikin mata, tana magana da wanta.

"Da ka bar motar tana aiki, Yaya, da mun isa da shi. Mutum ya zo da mota a kunne, kai ka ce a kashe. Kullum sai taka."

Tsofaffi suka yi ta cewa ta yi istigfari. Sai na ji ƙarar takalmin Idi, ya fita. Taku biyar ne tsakanina da su. Da na ɗaga zanan na ce ni na san ciwon motar, da maganar ta ƙare a nan. Na zauna ina kallon hannuna da aka ɗaure da tsumma.

Shekarar da ta biyo baya ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Hajara ta dawo bayan arba'in, ta haihu, aka sa wa yaron sunan kakansa. Ba ta taɓa yi min kallon banza ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Duk matar da ta shigo barka sai ta nuna mata tabon hannuna ta ce, kin ga yadda ya yi ƙoƙari a kan Baba. Sai in ɗauki buta in fita kamar zan kama ruwa. Na fara roƙon lodin nesa, wanda zai riƙe ni sati a hanya. A tasha na daina zama a majalisar direbobi, don kada wani ya yi tsokanar da aka saba ta shiga kunnen da bai kamata ba. Ina cin abincina ni kaɗai a cikin mota, inji yana ruri. In na zo mararrabar ƙauyen nan bayan Gwaram, sai in kafe idona a kan kwalta har in wuce. Gida ɗaya na taɓa samu a duniya, ga shi na rufe wa kaina ƙofarsa, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Wajen kaka, wata rana da hantsi, motar ta mutu min a bakin tashar Birnin Kudu, ƙafata ce ta zame daga kan kuloci. Na murɗa makulli, ƙas, na san abin da zai biyo baya, na sauko na nemi inuwa. Akwai wani tsoho a wata rumfa, ana ce masa Tanko, tsohon soja ne da ya yi gyaran motocin yaƙi, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ya ji ƙas ɗin da kunnen mai kyau, ya taso da sifana a hannu.

"Giya tana firi? Ka ja birkin hannu? To bar makulli a kunne, ka zo ka gani."

Muka shiga ƙarƙashi tare. Ya nuna min wani ɗan gwangwani da ke ɗare a kan kik ɗin, ya ce sunansa salanoid, shi ne ke buɗe wa wutar batir ƙofa. A jikinsa akwai babban noti inda wayar batir ta sauka, da wani ƙarami a gefensa. Ya ɗora sifanar ta haɗa su biyun. Tartsatsi ya tashi, inji ya yi gurnani ya kama. Ko ƙiftawar ido uku ba a yi ba. Irin sifanar nan akwai ta a akwatin kayana, tana nan a ranar da muke sauke siminti. Na fito daga ƙarƙashin motar, na zauna a ƙasa cikin baƙin mai. Tanko ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Na ce e.

Washegari na kawo masa ita ya nuna min ciwon daga tushe. Wata siririyar waya ce ke tasowa daga makulli, ta yi doguwar tafiya ta bi gefen salansa kafin ta isa gwangwanin. Ta tsufa, ta bushe, bakinta ya yi kore. In komai ya yi sanyi, 'yar wutar da take kawowa tana isa. In zafi ya kama, gwangwanin yana neman wuta fiye da da, wayar kuma tana kawo ƙasa da da, shi ke nan sai ƙas. Ya cire ta ya ja mai kauri ta wata hanyar nesa da zafi. Ya ɗaura wani ɗan akwati da ake kira rile kusa da batir, don makulli ya riƙa ba da umarni kawai, wutar ta taho ta gajeriyar hanya. Ya kankare tsatsar inda wayar ƙasa ke kama jikin mota, ya yanko gwangwanin man gyaɗa ya kare kik ɗin daga hucin salansa. Kafin azahar ya gama. Muka zagaya da ita har inji ya yi zafi, ya ce in kashe, in tayar. Ta tashi. Sau biyar muna yi. Na kai wa Alhaji motarsa Kano lafiya lau, na ajiye masa makulli, na dawo na roƙi Tanko ya koya min aiki, ina da gemu da ɗa. Tun daga nan duk direban da ya tsaya a rumfata, ko taya ya zo tambaya, sai na shigar da shi ƙarƙashin motarsa na nuna masa notin nan biyu.

Sau ɗaya na yi niyyar faɗa wa mahaifiyarku. Da yamma ne, tana tankaɗe, na zauna a kan turmi na ce akwai maganar ranar nan da nake so mu yi. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Kada ka roƙar masa, Malam. Uba ya tafi, Yaya Idi kuma ya zama abin da ya zama. Kai kaɗai ka rage min."

Na haɗiye maganar. Na ce wa kaina zan faɗa in ta huce, sannan in yara sun girma, sannan in mun dawo daga Makka. Haka shekaru suka yi ta tafiya, kuna tashi ba ku san hanyar gonar kakanku ba, har ranar da muka kai ta makwancinta ban faɗa ba. Idi ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a watse.

Bayan arba'in ɗinta na hau mota ni kaɗai na tafi ƙauyen. Na same shi a zauren nan dai, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, sai da na faɗi sunana ya gane ni. Ya sa aka kawo ruwa. Ban sha ba, na faɗa masa komai, tun daga kanikawan Kano har ƙaryar da na yi masa ta taga. Ya saurara bai katse ni ba.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar sadakar bakwai. Wani direba ya zo gaisuwa daga Gwaram, ya ce ai motar Sule kowa ya san ba a kashe ta da zafi."

 Na ce, Yaya, to me ya hana ka faɗa?

"In faɗa ta yi yaya? Ga tsohon ciki, ga ba uba. In ta tsane ka, ina za ta zauna? Mace tana iya rayuwa ba tare da wanta ba. Na ga ni na fi sauƙin rasawa." Ya murza carbinsa. "Na ɗauka dai wata rana kai za ka faɗa mata."

 Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tuntuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da na tashi tafiya ya ce sai ya raka ni bakin hanya, ya riƙe hannuna saboda idon. Muna cikin tafiya a yashin ya tsaya.

"Sule, da ciwon Hajara ya tsananta, ta ambace ni?"

Ƙarya ta zo min har kan harshe, mai daɗi, wadda za ta faranta masa. Na riƙe ta. Na ce a'a, Yaya, ba ta ambata ba, kuma ni na jawo. Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da tafiya.

Yana nan da ransa a lokacin da nake rubuta wannan. Ba ya fita ko'ina sai masallaci. Ku tafi dukanku, da matanku da 'ya'yanku, kada ku aika wani. In kun isa ku faɗi sunayenku ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, domin ba zai gan ku ba, kuma ku kwana.